Mai Cokula Ya Dawo Gangaren Baba

Santa Rosa, 15 ga Satumba

Zuwa ga Yayata abin alfaharina, Hermelinda,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Wilder da 'yarmu Yesenia. Yaya zaman birnin Torino, yaya aiki, yaya jikin tsohuwar da kike jinya? Allah ya ƙara miki haƙuri da ƙarfin baya, ya tsare ki daga sanyin da kika ce yana tafe. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda. Idon ne dai sai a hankali, na hagu ya kusa rufewa, na dama kuma sai abu ya matso kusa take gane shi. Matata Zoila tana nan tana fama da cukunta, jar saniyar ta haifi maraƙi namiji, dankalin bana ma ya yi kyau.

Na san Zoila ta kira ki ran nan tana ihu, kika ce layin ya yi ta yankewa, ba abin da kika ji sai "ya zo, ya zo". Shi ya sa na ari biro na zauna in ba ki labarin tun daga tushe, ki kuma karanta wa Yesenia, tunda ita ba ta taɓa taka gangaren kakanta ba.

Kin tuna kwana huɗu da binne Baba kika koma, ba ki tsaya zaman da aka yi ba. Gangaren bayan gida, daga gonar dankali har rafi, na Baba ne da ƙanensa Baffa Nicanor, ba a taɓa raba shi ba. Baffa ya riga ya ƙone rabin sama ya shuka wa shanunsa ciyawa tun Baba yana kwance, ranar kuma ya zo neman a ba shi ragowar kurmin ya cinna masa wuta. Mama ta ce ba da yawunta ba. Ta ce tun tana amarya a wannan kurmin take ganin kinde, 'yan tsuntsayen nan masu tsayawa cak a iska suna shan zumar fure, kuma a nan ne mai cokula yake zuwa, wanda dogayen gashin wutsiyarsa biyu suke ƙarewa da faifai kamar kan cokali. Baffa ya kwashe da dariya ya ce, "Grimanesa, wane mai cokula? Tambayi ɗanki, shi da danƙon harbinsa ne suka ga bayansu." Yaya, ban iya musawa ba. Ke shaida ce, da muna yara mukan harbo su mu busar da zuciyar mu kai wa samarin da suka yarda maganin farin jini ce, har kin taɓa kifa min mari a kan haka. An fi shekara ashirin ba wanda ya ga mai cokula a gefenmu. Kunya da zuciya suka kwashe ni, na miƙe a gaban mutane na ce ni na kore shi, ni zan dawo da shi.

Mai unguwa Porfirio ne ya rubuta sharaɗin. An ba ni har zuwa karo na uku na bikin shekara-shekara na Santa Rosa, waliyiyar garinmu. Sai an ga namijin da cokulansa biyu, a idon shaidu biyu da ba 'yan gidanmu ba, kuma fure ne zai kawo shi, ban da rataya kwalbar ruwan sukari kamar yadda masu masaukin baƙi suke yi. In an gan shi, Baffa zai sa hannu cewa ba za a ƙara sara ko ƙona kurmin ba har abada. In ba a gan shi ba, washegarin biki wuta, har da rabonmu, ni da ke. Da na kira ki kika ce in saka naki rabon ba komai, ban gaya miki ba, amma ranar ko abinci ban iya ci ba.

Shekarar farko wauta na tafka. Na hau mota har Chachapoyas na jibgo furannin da suka fi ɗaukar ido a wajen masu sayar da dashe, wardi da daliya manya-manya kamar kan jariri, na jera su layi-layi a bakin kurmin. Suka yi fure gwanin kyau, matan gari suna zuwa roƙo don kai wa coci, amma ko tsuntsu ɗaya bai leƙo ba. Duk sanda Baffa ya biyo da shanunsa sai ya tsaya ya cire hula ya ce, "Sannu da aiki, mai gonar amare. Yaushe za a fara tatsar nonon tsuntsun? A ajiye min kofi ɗaya." A kasuwar Pomacochas kuwa har suna aka sa min, wai angon fure.

Iya Asunta ce ta cece ni, tsohuwar nan mai sayar da ganyen magani a ƙofar coci. Wata Lahadi ta bi ni har gangaren, ta tsinki daliya ɗaya ta yage ta ta tura min a baki ta ce in tsotsa. Na ce ban ji komai ba. Ta ce, "To kai da kake da ƙaton baki ba ka ji komai ba, shi me zai zo nema? Kwalliya ake ci? Ɗan Grimanesa, ka yi makaranta amma kanka kamar kabewa." Ta sa na ɗauki adda da buhu muka gangara kwazazzabon da wuta ba ta taɓa kaiwa ba. Tsohuwar da ta haura saba'in, amma ni nake haki a bayanta. Ta nuna min jan furen nan mai hawa itace, wanda yake rataye gungu-gungu kamar ƙananan ƙararrawa, da fuksiyar daji, da salbiya ja da shuɗiya, duk masu dogon wuya da zuma a ciki. Ta ce in ɗebi saiwa kaɗan daga kowane gindi in bar uwar, kada in gyara wuri ɗaya in ɓata wani. Don malam-buɗe-littafi kuma ta ce a sa masu ƙananan furanni a tattare, inda zai samu wurin sauka, a kuma bar giranadiya, tsiron nan mai yaɗo, ta yaɗu a kan shinge. Wata huɗu ina hawa da sauka da buhu a baya. Da rani ya shigo na jawo tiyo daga idon ruwan da ke sama, ni da Zoila muna ban ruwa safe da yamma.

A damina ta biyu abin ya kama. Sai kuma wata safiya na tarar da tsutsotsi masu ƙaya sun lulluɓe giranadiyar, sun mai da ganyen kamar rariya. Raina ya ɓaci, na je na aro famfon feshi, har na goya shi a baya, sai ga Iya Asunta ta kawo wa Mama maganin ƙafa. Ta daka min tsawa tun daga nesa, ta ce in na fesa ko ɗigo ɗaya ba ita ba ni. Wai su ne baƙin da nake gayyata, yanzu sun zo da kayan aiki zan kashe su, ina jiran su zo da kayan biki. Ta ƙara da cewa kinde ma ba zuma kaɗai yake sha ba, da ƙananan ƙwari yake ciyar da 'ya'yansa, wanda ya fesa guba ya kori kowa da kowa. Na sauke famfon ina gunaguni. Bayan 'yan makonni, Yaya, da kin ga gangaren nan da hantsi! Tsutsotsin sun rikiɗe sun zama malam-buɗe-littafi, masu ruwan lemo, masu baƙi da ratsin rawaya, har da waɗanda fukafukansu kamar gilashi kana hango ganye ta cikinsu. Zoila ta fito da bokiti a hannu ta tsaya, ta manta da madarar da ta ɗora a wuta har ta ƙone.

Kinde ma suka fara zuwa, amma manya ne koraye, masu faɗan tsiya. Kowanne ya kama gindi ɗaya ya ce nasa ne, duk wanda ya matso ya bi shi da sara. Ana cikin haka shanun Baffa suka ɓalle shinge suka shiga, kafin in ankara sun cinye sun tattake kusan rabin abin da na dasa. Baffa ya ce waya ce ta tsufa. Ni dai na ga inda aka kwance ta, amma Mama ta hana ni magana, ta ce ƙanin ubana ne ko me ya yi. Ranar na zauna a kan kututture na ce na haƙura, a ƙone kawai kowa ya huta. Zoila ta ce, "Kai ka tashi a gaban gari ka yi rantsuwa, ba ni ba. Amma ni na ɗauki ruwa har kafaɗata ta goce, saboda haka ko ka tashi ko in karɓi addar in yi da kaina, a riƙa ce min angon fure." Na tashi.

Ɓarnar shanun ta zame min alheri ta wata fuska. Da na zo sake dashe, Iya Asunta ta ce mai cokula ɗan mitsitsi ne mai kunya, ba ya iya faɗa da waɗancan 'yan iskan, ta ƙasa yake bi cikin surƙuƙi ya sha ya gudu. Sai na daina jerawa a fili. Na riƙa kutsawa cikin kurmin da rarrafe, ina dasa jan ƙararrawar nan ɗaya a nan ɗaya a can, a inuwa, inda manyan ba sa gani. Ƙaya ta yi min zane a jiki har Fada ya tambaye ni ko da kyanwa muke kwana.

A watan Yuni na bana na ga macen. Fari ne ƙirjinta, wutsiyar da ɗan tsawo amma ba cokula. Na ruga na kira mai unguwa, shi ma ya gan ta. Baffa ya ce a karanta masa takarda, namiji aka rubuta, in mace ake so ga kajinsa nan ya ba mu kyauta. Wani abokina ya ba ni shawara in ɓoye kwalbar sukari cikin ganye, wa zai sani? Ba zan ɓoye miki ba, har na wanke kwalbar. Amma na dube ta na ce tsuntsun nan na taɓa cutarsa, ba zan kuma kira shi da ƙarya ba. Na mayar wa Zoila abarta.

Yuli ya wuce, Agusta ya zo ƙarshe, ba namiji. Ranar biki, ranar ƙarshe ke nan, mai unguwa da Iya Asunta suka zauna da ni a bakin kurmin tun sassafe. Muna jin ganguna da ƙahonni daga gari, aka fito da siffar Santa Rosa da aka sassaƙa aka zaga da ita aka mayar, mu muna zaune sauro yana cizonmu. Da rana ta faɗa bayan dutse mai unguwa ya miƙe ya kaɗe wandonsa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Eleuterio, ka yi iya yinka, amma takarda takarda ce." Iya Asunta ta ja mayafinta ta rufe fuska ta wuce.

Washegari da hantsi Baffa ya iso da ma'aikata biyu da adduna da jarkar fetur. Daga gani bai gama wartsakewa daga barasar raken jiya ba, ko jan ƙyallen da masu ɗaukar siffa suke ɗaurawa a wuya bai kwance ba. Ni da Zoila muna ta haƙar abin da za mu iya tsirarwa muna zubawa a kwanduna, ba mai kallon wani. Mama ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Baffa ya ce wa mutanensa su jira, zai shiga ya duba inda iska ta dosa da inda za a share don kada wutar ta tsallako gida. Ya kutsa kurmin shi kaɗai.

Muka jira, muka jira. Ma'aikatan suka sha taba ɗaya, suka kunna ta biyu. Har na fara tunanin ko maciji ne, na ɗauki adda zan bi shi, sai ga shi ya fito ba hula a kansa, yana tafe a hankali kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya tsaya a gabana ya ce, "Wa'adi jiya ya cika, ko ba haka ba?" Na ce haka ne, Baffa. Ya ce, "Kuma ba shaida ko ɗaya a cikin kurmin nan sai ni." Na ce haka ne. Sai ya juya ga ma'aikatan ya ce, "Ku ɗauke jarkar nan ku mayar gida. Ɗan banzan tsuntsu, saura kaɗan ya tsone min ido."

Yaya, sai na zube a kan kwando na murƙushe salbiyar da na sha wahalar haƙowa. Zoila ta saki ihu ta yi gida da gudu, lokacin ne ta kira ki. Shi kuwa Baffa ya zauna a kan dutse ya ba ni labari. Ya ce ya durƙusa zai duba busasshen ganye, sai ya ji wani ƙas-ƙas-ƙas a gefen kunnensa. Da ya ɗago, ya zaci malam-buɗe-littafi biyu ne shuɗɗa suka biyo wani ɗan tsuntsu suna kora. Ashe cokulan ne. Abin bai fi babban yatsa ba, kansa shuɗi mai ƙyalli, maƙogwaron kamar ruwan tafki da safe. Ya zo daidai ƙirjin Baffa ya tsaya a iska yana leƙen jan ƙyallen, ya zaci fure ne. Da ya ga ba zuma sai ya hau daidai fuskarsa, ya ɗaga cokulan sama da kansa, ya zuba masa ido. Baffa ya ce rabonsa da ganinsa tun suna kiwon tumaki shi da Baba, kuma haka Baba yake tsayawa ya dube shi in zai yi wauta, ba ya cewa komai. Daga nan ya fyace hanci ya ce in na kuskura na gaya wa wani ya yi hawaye sai ya karya ni. Ke kaɗai na gaya wa, sai Yesenia.

Ba wanda ya tilasta masa, Yaya, wannan nake so ki riƙe. Takarda tana bayansa, da ya fito ya yi shiru ya ƙyasta ashana ba mai cewa ya yi laifi. Da ƙafarsa ya je gidan mai unguwa ya ce a rubuta shi a shaida na farko. Ranar Laraba mai unguwa ya zo ya zauna a bakin kurmin, kafin rana ta yi zafi ya gan shi a kan jan ƙararrawar da na dasa kusa da rafi, ni ma na gan shi, karo na farko tun ina yaro, kuma hannuna ba komai. Ranar Asabar aka sa hannu a gaban jama'a, Zoila ta soya ɓeran masar shida, aka dafa wake da masara tukunya guda, Iya Asunta ta yi rawa har sai da aka zaunar da ita. Baffa ya aiko da sababbin turaku da waya mai ƙaya, ya tsaya da kansa aka kafe shingen. Yanzu in kin je kasuwa za ki same shi ya tara mutane yana cewa shi dama can ya san tsuntsun zai dawo, matsa min ya yi don in yi aiki, kuma duk garin nan shi tsuntsun ya zaɓa ya gaisar. Na bar masa. Waɗanda suke ce min angon fure kuwa, uku a cikinsu sun riga sun zo roƙon saiwa.

Saura labarin Mama. Na goya ta na kai ta bakin kurmin safiya biyu a jere, ta zauna a kujera, tana jin ƙas-ƙas ɗin amma idon ba ya kai mata. Na ga abin yana cin ranta ko da ba ta faɗa ba. A safiya ta uku, kafin mu fita, ta ce wa Zoila ta buɗe akwatin katako ta ciro mata jan mayafinta. Kin san tun ranar da aka binne Baba baƙaƙen kaya take sawa, shekara uku, ko Fada ya yi mata magana ta ƙi. Muka tsaya muna kallonta. Ta ce, "Me kuke kallo? Ba makoki na fasa ba. Amma in har tsuntsun nan ya iya zuwa wa Nicanor da wannan fuskar tasa saboda ɗan ƙyalle, ni da mayafi guda ai sai ya kwana a kafaɗata." Ta yafa shi, na goya ta muka hau.

Ba mu daɗe ba ya zo. Ya sha furen da ke gefenta, ya ja da baya, ya dawo ya tsaya a gabanta, tazarar bai fi tsawon hannu ba. Mama ba ta motsa ba. Da ya tafi ta ce a hankali, ta gan shi, har cokulan, duka biyun. Da muka sauko Zoila ta miƙa hannu za ta karɓi mayafin ta mayar akwati, Mama ta riƙe abinta ta ce a bar shi a waje. Jiya da shi ta je coci.

Ta ce in gaya miki ki nemi hutu ki zo kafin ɗayan idon ya rufe, tana so ta ga fuskarki ke ma a kusa haka. Ni ban ƙara komai a kan wannan ba, kin ji dai yadda ta faɗa.

Ki gaishe min da Wilder da kyau, ki ce masa ina nan ina jiran ya zo mu gwada wanda ya fi iya hawan dutse yanzu da ya yi tumbi. Ki sumbaci Yesenia, Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa. Ki miƙa gaisuwata ga Gwaggo Teodosia in kun haɗu a coci, da ɗanta Edilberto. Mama tana sa miki albarka, Zoila da yara suna gaishe ki, Iya Asunta ta ce ki riƙa shafa man da ta aiko miki a gwiwa. Baffa Nicanor ma ya ce a gaishe ki, kuma wai a tabbatar an rubuta miki cewa shi ya fara gani.

Allah ya tsare ki a ƙasar mutane, ya dawo mana da ke lafiya.

Ƙaninki mai ƙaunarki kullum,
Eleuterio Valqui